Daidaita Launi a Kudancin Kano: Daga Karofi zuwa Garejin Fenti

Daidaita launi, wato a sa abu biyu da aka rina ko aka fesa wa fenti su fito iri ɗaya a ido, tsohuwar wahala ce a ƙasar Kano. Sana'o'i biyu ne suka fi shan fama da ita: rini a zamanin da, fentin mota a yanzu. A 'yan shekarun nan maganar ta sake tasowa ta wata sabuwar ƙofa, domin masu sayen sababbin motoci, musamman masu aiki da lantarki, sukan lura cewa launin bamba ya ɗan saɓa da na ƙarfen da ke maƙwabtaka da ita, alhali motar ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba. Dalilin bai sauya ba tun zamanin karofi. Launin da ido ke gani haɗin gwiwa ne tsakanin ruwan launin, jikin da ya sha shi, hannun da ya yi aikin, da hasken da aka duba shi a ciki. Ɗaya daga cikin huɗun nan ya motsa, launi ya motsa.

Ƙananan hukumomin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa suna jere ne daga kudu maso yammacin birnin Kano zuwa can ƙuryar kudu, inda jihar ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi. Yanki ne da ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, kuma tun kafin zuwan Turawa hanyar fatake daga Kano zuwa Zazzau ta cikinsa ta ratsa. Bature matafiyi Hugh Clapperton ya bi ta Bebeji a 1826, ya kuma bayyana shi a matsayin babban gari mai ganuwa da yawan jama'a. A garin ne aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Cikin kayan da irin waɗannan ayari ke ɗauka su tafi da su akwai baƙaƙen tufafi da shuɗɗa, waɗanda aka rina a garuruwan da ke kewaye: Kura, Bunkure, Rano, Ƙaraye, Zarewa da sauransu. A ƙarni na 19 wannan ɓangare na masarautar shi ne cibiyar rinin fatauci, duk da cewa karofin Ƙofar Mata na cikin birni, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shi ya fi suna a yau.

Girman cinikin ba ƙarami ba ne. Wani Baturen matafiyi, Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ƙasar ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tumbuktu kaɗai tana karɓar kayan raƙuma aƙalla 300. Philip Shea, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan masana'anta a 1975 kuma ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa wani abu da ya bunƙasa rinin Kano shi ne laso. Laso siminti ne na gargajiya da ake haɗawa da katsi, wato ƙonannen dagwalon da ake kwashewa daga gindin rijiyar rini, da gashin jima da dafara. Da shi aka samu damar dafe manyan rijiyoyi masu zurfi waɗanda ba sa yoyo, a maimakon tukwanen ƙasa. Babbar rijiya tana cin kaya da yawa a tsoma ɗaya, kuma duk abin da aka tsoma tare launinsa ɗaya yake fitowa. Ga ɗan kasuwar da zai kai kaya Agadas ko Salaga, wannan ya fi komai muhimmanci, domin mai saye yakan jera turame ne ya duba, wanda ya yi fari-fari a cikinsu kuwa kuɗinsa ya faɗi.

Haɗin baba aiki ne na ƙwarewa. Ana zuba ruwa a rijiya, a sa toka da katsi da busasshen baba, a bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da muciya har kumfa mai duhu ta taso. A cikin rijiyar launin ba shuɗi ba ne sosai. Ƙyalle yakan fito da kore-kore, sai ya sha iska sannan ya juye shuɗi a gaban idon marini. Kowace tsomawa tana ƙara duhu, don haka tazarar da ke tsakanin shuɗi mai haske da baƙi wuluk yawan tsomawa ne da ƙarfin rijiyar. Ƙarfin nan kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Sabon haɗi yana kamawa da wuri, wanda ya kwana biyu yana aiki ya gaji, sanyin hunturu yana rage masa kuzari, zafin bazara yana gaggauta shi. Marini ba shi da ma'auni sai ido da hanci da harshe: yakan duba kumfar, ya shinshina, wani ma ya ɗanɗana. Rijiya biyu a karofi ɗaya, haɗin mutum ɗaya, ba lalle su ba da launi ɗaya ba.

Shi ma zaren yana da nasa hali. Arafiya, siririn zare mai murɗi sosai, ba ta shan baba kamar abawa mai kauri da sakwa-sakwa. Zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, yana da taurin kai wajen karɓar rini, shi ya sa galibi ake barin sa da launinsa na asali. Masu sana'ar sun warware matsalar ta hanya mafi sauƙi: a haɗa kaya tukuna, a rina daga baya. Turkuɗi da rawani ɗan Kura daga siraran sawaye ake ɗinka su, wasu faɗinsu bai wuce yatsa ba, kuma sai an gama ɗinkin kaf ake kai su karofi, ta yadda kowane sawu zai sha ruwa ɗaya a lokaci ɗaya. Inda tilas a rina zare kafin saƙa, kamar saƙi mai zanen zabo, masaƙi yakan rina zaren da zai ishe shi gaba ɗaya, don ya san in ya yanke masa a tsakiya, cikon da zai samo ba zai taɓa zama daidai ba.

Daga karofi sai mabuga. A nan ake shimfiɗa ƙyallen a kan gungume, a barbaɗa masa garin shuni, a yi ta dukansa da manyan sandunan bugu har ya ɗauki wani ƙyalli mai ja-ja kamar na ƙarfe. Wannan ƙyalli shi Buzaye ke biya da tsada, ko da yake yana zuba a fata. Abin lura a nan shi ne turkuɗi ko rawanin da ya sha bugu ba launi ɗaya yake nunawa ba: inda ya fuskanci rana ya yi walƙiya, inda ya lanƙwashe ya yi duhu. Mutanen Kura sun san launi mai sauyawa da kusurwar kallo tun kafin a ƙirƙiro fentin mota mai walƙiya.

Ƙarni na 20 ne ya karya wannan masana'anta, a hankali. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897. Sojojin Ingila sun fasa Bebeji a kan hanyarsu ta zuwa Kano, wadda suka ci ranar 3 ga Fabrairu 1903. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya bi ta Dangora, ya kawo yadin Turai da garin rini na gwangwani, wanda ake dafawa a tukunya a gama cikin awa guda a maimakon jiran kwanaki. Gyaɗa ta janye hannun manoma da jarin attajirai. Rijiyoyi da dama suka cike da ƙasa, sai Kura da 'yan wurare kaɗan da suka ci gaba da yi wa kasuwar Nijar aiki.

A daidai wannan lokaci fentin mota yana nasa tarihin a ƙasashen waje. Motocin farko da buroshi ake shafa musu fenti irin na keken doki, ana jiran makonni kafin ya bushe. Daga 1914 zuwa 1925 kamfanin Ford bai fitar da Model T da wani launi ba sai baƙi. Sauyi ya zo da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ake fesawa da bindiga ya bushe cikin sa'o'i. Motar Oakland ta 1924 mai launin shuɗi ita ta fara fita da shi. Daga baya aka riƙa zuba ɓarɓashin alminiyam a cikin fenti don ya yi walƙiya, sannan a shekarun 1980 tsarin hawa biyu ya zama ruwan dare: shafin launi a ƙasa, shafin ƙyalli marar launi a sama. A mafi yawan wannan zamani ba a san rigimar launin bamba ba, saboda bamba ƙarfe ce fara sol mai ƙyalli, ba wanda ya ce ta yi kama da jikin mota. Pontiac GTO ta 1968 tana cikin na farko da suka zo da gaba mai laushi da launin jiki, Renault 5 ta 1972 ta zo da bambar roba, dokar Amurka ta 1973 da ta tilasta wa bamba jure karo na gudun mil biyar a awa ta ƙara tura masana'antu wajen roba. Zuwa shekarun 1990 bambar roba mai launin jiki ta zama abin da aka saba.

A kudancin Kano sana'ar fenti ta biyo titi ne. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya, da wadda ta ɓalle ta Tudun Wada ta ratsa dajin Falgore da Doguwa ta nufi Jos, su suka tara makanikai da masu walda da masu buga jikin mota a mararraba irin Kwanar Dangora. Aikin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya kawo manyan motoci da noman rani da zirga-zirgar kaya. Fentin farko da aka saba da shi a irin waɗannan wurare na manyan motoci masu bodin katako ne: fentin mai, buroshi, launuka masu kaifi, zanen zaki ko dawisu da 'yar rubutacciyar magana a baya. Ba ruwan mai gingimari da ko koren ƙofa ya yi daidai da na gefe. Kamfanin Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika hanyoyin da 404 da 504, masu bambar ƙarfe da launi marar walƙiya, galibi fari ko ruwan madara ko shuɗi. Irin wannan fenti yana da haƙuri. Mai fenti zai iya gyara ƙofa ɗaya a gindin bishiya, ya goge ta da kyau, ba mai ganewa sai wanda ya ƙura ido.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane, kasuwa ta koma ta motocin hannu 'yan Kwatano, masu shigowa ta Legas ko ta Maraɗi da Jibiya. Da su ne fenti mai walƙiya da bambar roba suka zama abin yau da kullum a gareji, kuma da su ne aikin ya yi wuya. Bamba ita ce ta fi komai saurin lalacewa a mota. Wanda tasa ta fashe yakan je Ƙofar Ruwa a Kano ya samo ta hannu, sau da yawa mai wani launi dabam, ya kai wa mai fenti ya ce a mayar da ita kalar motar. Nan sana'ar mai haɗa fenti ta samu gindin zama. Ana cire murfin tankin mai a kai masa shago, ya zuba tushen launin a gwangwani, ya riƙa ɗiga baƙi ko ja ko ruwan azurfa yana juyawa, ya shafa a gefen murfin, ya fito da shi rana ya karkata shi hagu da dama. Akwai lambar launi da masana'anta ke bugawa a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, amma lambar launin ranar da motar ta fito take faɗa. Motar da ta yi shekara goma a Turai, ta zo ta ƙara biyar a ranar Kano da ƙurar hunturu, ta riga ta koɗe, kuma rufinta da bonet sun fi ƙofofinta koɗewa. Gwanin mai haɗi motar yake bi, ba takarda ba. Sunayen kayan kamfanin Sikkens, Autobase da Autocryl, sun zama sunan nau'in aiki a bakin masu sana'ar, na farko mai hawa biyu, na biyu mai hawa ɗaya.

Kasuwar motocin hannu ta ƙara wa maganar nauyi. Motar da ba a taɓa yi wa fenti ba, wadda dillalai ke kira fes bodi, ta fi wadda aka taɓa daraja, don haka mai saye yakan zagaya ta yana neman inda launi ya saɓa, ya buɗe ƙofa ya duba ko feshi ya taɓa robar gilashi. Daga nan aka ɗauki ƙa'idar cewa saɓanin launi shaidar haɗari ce. Ƙa'idar tana da amfani a kan ƙofa da bonet, amma a kan bamba takan zalunci mai sayarwa, domin mota takan fito daga masana'anta da wannan saɓani.

Yadda hakan ke faruwa a bayyane yake in an bi aikin masana'anta. Gangar jikin mota ana tsoma ta ɗungurungum a kwatamin shafin hana tsatsa, a gasa ta a zafin da ya kai digiri 170 zuwa 180, a fesa launi da shafin ƙyalli, a sake gasawa a wajen digiri 140. Robar bamba, wadda galibi nau'in polifurofilin ce, ba za ta jure wannan zafi ba; narkewa za ta yi ko ta lanƙwashe. Saboda haka dabam ake fesa ta, a gasa ta a wajen digiri 80, da fentin da aka sa wa sinadarin laushi don kada ya tsage in ta lotsa. Sau da yawa ma ba a masana'antar motar ake yin ta ba: wani kamfani ne a wani gari yake ƙera ta, ya fesa ta da nasa haɗin, ya aiko da ita a ɗaura. Dabarar masu turkuɗi, ta a haɗa tukuna a rina daga baya, ita ce ainihin abin da roba ta hana.

Ko da gwangwani ɗaya aka yi amfani da shi, sakamakon yakan bambanta. Ɓarɓashin alminiyam da ke cikin fenti ƙananan faifai ne, kuma yadda suka kwanta shi ke yanke hasken launin. In sun kwanta shimfiɗe, wurin ya yi haske in an dube shi kai tsaye, ya yi duhu in an dube shi a karkace. In sun tsaya barkatai, ya yi toka-toka. Kwanciyarsu ta dogara da saurin bushewar fentin, da kaurinsa, da nisan bindiga, da ƙarfin iska. Ƙarfe da roba ba sa riƙe zafi iri ɗaya, don haka ruwan fentin ba ya tashi daga kansu da sauri ɗaya. Roba kuma tana tara lantarki a jikinta in an goge ta, wanda ke juya ɓarɓashin. Sannan ga siffa: bamba a lanƙwashe take, gefen mota kuwa a miƙe, to ko da launinsu ɗaya ne tsaf, haske ba ya dawowa daga kansu ta fuska ɗaya. Akwai kuma haɗin launi biyu da za su dace a hasken rana su saɓa a ƙarƙashin fitilar gidan mai, saboda sinadaran da aka haɗa su da su ba ɗaya ba ne. Ruwan azurfa, ruwan zinare, ja mai zurfi da farin nan mai sheƙin lu'ulu'u, wanda hawa uku ake yi masa, su suka fi tona asiri. Baƙi da fari marasa walƙiya sun fi rufa shi. Masana'antu suna auna launi da na'ura ta kusurwoyi da dama, suna da iyakar saɓanin da suka yarda da shi, kuma abin da ke cikin iyakar ba sa ɗaukar sa aibi, ko da idon mai saye ya gan shi.

Motar lantarki ba ta da wani fenti na musamman, sai dai ƙirarta ta fito da matsalar fili. Ba ta da babban lagireto mai neman iska, don haka ragar gaba da ke raba bamba da bonet a motar fetur ta ɓace ko ta ƙanƙance. Roba mai launin jiki ta hau har ta haɗa baki da ƙarfe, a wurin da ido ya fi sauka. Nauyin batir ya sa masu ƙira rage nauyi a wasu wurare, sai a sami alminiyam a bonet, ƙarfe a gefe, roba a murfin wurin caji da ƙofar baya, jiki uku ko huɗu a ƙarƙashin launi ɗaya. Da yawa cikin kamfanonin ma sababbi ne, suna faɗaɗa aiki cikin gaggawa tare da masu kawo musu kaya daga wurare dabam-dabam.

A Nijeriya waɗannan motoci ba su daɗe ba. An ƙaddamar da Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya haɗa a Legas a ƙarshen 2020. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara jawo hankali gare su, motocin Sin irin su BYD suka fara bayyana a manyan birane. A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, babur da Adaidaita Sahu da motocin ɗaukar masara da shinkafa su ne har yanzu abincin mai fenti, kuma ruwan ɗorawar Adaidaita launi ne marar walƙiya da ba ya wahalar haɗawa.

Garejin bakin titi yana da iyakarsa a kan fenti mai hawa uku. Feshi a fili lokacin hunturu yana kwasar ƙura, zafin bazara yana busar da fenti tun bai kwanta ba, injin iskar da ba shi da matatar ruwa yana tofa danshi a cikin aikin. Shi ya sa mai sabuwar mota kan wuce Kano ko Kaduna ko Abuja, inda ake da rufaffen ɗakin gashi. A can ma ba a cika dogara da daidaiton haɗi kaɗai ba. Dabarar da ake bi ita ce a fesa bambar, sannan a ja launin sama-sama zuwa cikin ƙarfen da ke gefenta, ana rage shi a hankali har ya narke cikin tsohon, a rufe duka da shafin ƙyalli, ta yadda ido ba zai sami layin da zai kwatanta ba. Wannan yana nufin taɓa fentin asali na ɓangaren da ba abin da ya same shi, abin da ke zubar da darajar fes bodi, don haka a sabuwar mota sau da yawa barin ɗan saɓanin ya fi gyaransa riba. Akwai kuma sabon sharaɗi da tsofaffin masu fenti ba su saba da shi ba: motocin zamani da yawa suna da na'urar hangen abin da ke gaba ko gefe a ɓoye a bayan bamba, kuma fila ko fenti mai kauri, musamman mai ɓarɓashin ƙarfe, yana iya rage mata gani. Saboda haka wasu kamfanoni sun ƙayyade kaurin fentin da za a ɗora a wurin, wasu sun hana a cike shi da fila ko a maimaita masa feshi, suka ce in bambar ta lalace a daidai nan a sauya ta gaba ɗaya.